Ƙusar Alhaji Sharhabil

"Ku rubuta ku ajiye," in ji Alhaji Sharhabil, ya daki ƙirji har hularsa ta karkace. "Kafin azumi ya kama, lambar yabo za ta hau bangon falona. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina juya ma'aikata guda da bakin biro? Shugabanni nawa suka zo suka tafi suka bar ni a kujerata? Duk takardar da ban ce ta wuce ba, ko jirgin sama ta hau sai ta dawo teburina!"

A majalisar ƙofar masallacin layinmu ya faɗi haka, nan Kurmin Mashi, bayan la'asar. Ba sai mace ta leƙa ba, muryar Alhaji har madafi take iske mu. Alhaji Tijjani, abokinsa tun suna sababbin ɗauka a aiki, ya ce, "Oga Fayil, ai mun rubuta tun bara. Takardar har ta tsufa an ƙunshe ƙosai da ita."

Aka kwashe da dariya. Shi ko a jikinsa.

To bari in ba ku asalin maganar, don in ba ku san ƙusar ba, ba ku san mutumin ba.

Alhaji Sharhabil babban akawu ne a wata ma'aikata kafin ya yi ritaya, shekara bakwai ke nan. Ranar sallamarsa aka yi 'yar liyafa da lemo da cincin, aka ce allon yabonsa bai iso daga wurin mai sassaƙa ba, amma yana hanya. Ya dawo gida, ko babbar riga bai tuɓe ba ya nemi guduma, ya kafa ƙusa 'yar inci huɗu a tsakiyar bangon falo, daidai inda idon baƙo zai fara sauka. Sannan ya zauna jira. Ya yi sintiri a ofishin nan har masu gadi suka daina tambayarsa wurin wa ya zo. Kullum yaran da ya horar sai su miƙe cikin ladabi su ce, "Yallaɓai, fayil ɗin yana kan tebur, a dawo mako mai zuwa." Da bakinsa ya koya musu wannan karatu, kuma Allah ya yi su masu hadda.

Ƙusa dai ta zauna tsirara. Matarsa Hajiya Bara'atu ta taɓa rataya kalanda a kai, ya sauke. Ta rataya mafici, ya kusa kiran taron dangi. Duk Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya ɗiga mata man keke ya goge da tsumma, kada ta yi tsatsa. Ni a iya sanina, a duk layinmu babu akuyar da ta samu kulawar da ƙusar nan ta samu.

Abin da ya tunzura shi a bana kuwa, suruki ne. Alhaji Yusha'u, ɗan kasuwar hatsi daga Rigachikun, wanda ɗansa ya auri babbar 'yarsu Nafisa, ya kawo ziyara. Mutum ne mai sauƙin kai, ba ruwansa da tsarin falo. Ya shigo da zufa, ya duba hagu ya duba dama, ya cire hula ya maƙala a ƙusar, ya zauna yana cewa, "Kai, Allah ya yi wa wanda ya kafa wannan albarka."

Bara'atu ta ce ta ga wuyan mijinta ya kumbura kamar na ƙadangare.

"Alhaji," in ji shi, "wannan ƙusa ba ta hula ba ce. Wurin lambar yabo ne."

"A'a, to madalla! Ina lambar?"

"Tana hanya."

"Daga ina ta taso?"

"Ka dawo kafin azumi ka gani da idonka. Ni zan aiko maka."

Da baƙo ya tafi Bara'atu ta ce, "Baban Nafisa, wace hanya ce wannan da ba ta ƙarewa? Ko a ƙafa aka taho da allon nan daga Makka ai da ya iso."

"Ke dai ki ji da tukunyarki. Harkar manya ce."

Washegari ya sa rigarsa ta zuwa ofis, ya soka jan biro a aljihu, ya nufi Islamiyyar layinmu inda 'yar autarsu take karatu. Shugaban makarantar, Malam Ubaidullah, dattijo ne mai sanyin magana, wanda bai iya cewa a'a ba sai dai ya ce "to, Allah ya zaɓa."

"Malam," in ji Alhaji, "duk shekara a walimar sauka kuna raba wa yara kyauta. Wanda ya fi hadda a ba shi Alƙur'ani, wadda ta fi tajwidi a ba ta hijabi, har wanda ya fi yanke farce na ga an ba shi sabulu. To iyaye fa? Wa ya haifi yaran?"

"Ai Alhaji, iyaye ladansu yana wurin Allah."

"Allah ya ba mu, Malam, muna so ƙwarai da gaske. Amma lada sai an je can ake ganinsa. Ni surukina daga Rigachikun zai zo."

Malam bai gane haɗin ba, amma da ya ji Alhaji ya ce shi zai ɗauki nauyin yin allon, sai ya ce, "To, Allah ya zaɓa." Nan take aka kafa kwamitin mutum uku. Alhaji ya naɗa kansa shugaba kafin kowa ya buɗe baki. Aka sa Alhaji Tijjani. Aka sa Malama Harira, mai koyar da ajin matan aure, wadda rajistar makaranta take hannunta. Harira gajeruwa ce, ba ta da yawan magana, amma in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi tun kana aji biyu.

Alhaji yana da hujjar yarda da kansa, kada ku ce mahaukaci ne. Taron iyaye da ake yi Asabar ɗin farkon kowane wata, bai taɓa fashi ba. Shi ne farkon zuwa. Ba ya zama a benci da sauran iyaye, kujera yake ja ya zauna kusa da Malam, ya fuskanci jama'a. In aka ce ko akwai mai ƙarin bayani, mata sukan fara gyara zama, don sun san girkin rana ya tafi. In rajista ta zagayo kuwa sai ya ɗaga hannu ya ce, "A gama da kowa tukuna, a kawo mini a ƙarshe." In ta zo, ya zaro jan biro, ya duba sunaye ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai, ya ja layi a ƙasa, ya rubuta "Na gani," ya yi wani ƙudundunen zane kamar tsutsa ta sha guba, ya sa kwanan wata. Haka manya suke yi wa fayil, in ji shi. Babba ba ya bin layi, ko a takarda.

Har tsiya yake yi wa Bara'atu in sun dawo gida. Ita da girmanta ta koyi rubutu, a ajin Harira, don haka in rajista ta zo hannunta sai ta ɗora a cinya, ta ciji leɓe, ta bi harafi ɗaya-ɗaya kamar mai tsince shinkafa. "Ke kaɗai kina cinye minti biyar," yake ce mata. "A ofis da tuni na ba ki takardar gargaɗi."

Kwana uku ya yi a ɗaki yana tsara dokokin kyautar. Ya jawo akwatin tsofaffin takardunsa daga ƙarƙashin gado, ya samo wata tsohuwar sanarwa ta ofis kan yadda ake zaɓen gwarzon ma'aikaci, ya fassara abin da ya fassara, ya ƙara nasa gishiri. Doka goma cif. Ranar zaman kwamiti ya miƙe tsaye, ko da yake su uku ne a ajin, ya gyara murya.

"Doka ta ɗaya. Sunan kyauta, Gwarzon Uba."

"Iyaye dai," in ji Harira.

"Malama, ai..."

"Rabin masu zuwa taron mata ne. Fiye ma."

Ya yi murmushin manya. "A sa iyaye. A bar mata su ji an ambace su." Ya ci gaba. Doka ta uku, wanda ya fi kowa halartar taro cikin shekara uku. Ta huɗu, wanda yake fitowa aikin gayyar makaranta. Ta biyar, ya ɗaga yatsa sama: "Hujja ita ce rajista kaɗai. Ba shaidar baki, ba na-ji-an-ce, ba sanayya. Abin da ba a rubuce yake ba, bai faru ba!" Ta shida, a sassaƙa sunan wanda ya ci yadda yake a rajista, harafi da harafi.

Daɗin muryarsa ya ɗebe shi, ya shiga ta bakwai da gudu. "Babu wani ɗan kwamiti da zai shiga takarar wannan kyau..."

Ya tsaya. Ya matso da takardar kusa da hanci. Ya nesanta ta. Rubutunsa ne, ba na kowa ba. Hannu ne ya kwafo daga tsohuwar sanarwa, kai yana can yana auna allo da ƙusa.

"Ƙarasa mana, Alhaji," in ji Harira. "Ina rubutawa."

"Wannan kuskuren ɗab'i ne."

"Da hannu ka rubuta," in ji Tijjani.

"To a soke ta."

Harira ta miƙa hannu ta karɓi takardar, ta duba ƙasa. "Ta goma ta ce ba a soke doka ko a canza ta bayan shugaba ya sa hannu. Ga jan bironka nan, tun jiya ka sa."

Tijjani ya kifa kai a kan benci, kafaɗunsa suna rawa.

Da wani ne, da ya haƙura. Alhaji kuwa kafin azahar ya kawo takardar murabus mai shafi biyu. Tunda ba zai rubuta cewa kyautar yake so ba, sai ya rubuta cewa likita ya ce jininsa ya hau, ƙafarsa ta dama kuma tana riƙewa, an hana shi duk wani aikin wahala. Malam Ubaidullah ya karanta, hankalinsa ya tashi, bayan sallar la'asar ya sanar a masallaci a sa Alhaji Sharhabil a addu'a.

Jama'a, ku zo ku ga dubiya! Layi guda ya juye a gidan. Dole Alhaji ya kwanta a doguwar kujera, ya ɗora ƙafa a kan matashi, yana amsa "da sauƙi" da 'yar siririyar murya. Wata tsohuwa ta kawo saiwar da ta ce a jiƙa, ta kuma tsaya sai da ya sha a gabanta. Ya ce ɗacinta har cikin kunne. Sau biyu Tijjani yana kama shi ya ɗora ƙafar hagu maimakon ta dama.

"Oga, ciwon ya yi canjin wurin aiki ne?"

Bara'atu kuwa ba ta ce masa ƙarya yake yi ba. Mace mai hankali ba ta ɓata bakinta a inda tukunya za ta yi mata magana. Ta ɗauke gishiri daga miyarsa. Ta ɗauke nama, ta ɗauke mai, ta ɗauke yaji. Ta kawo masa tuwo da wani koren ruwa.

"Mene ne wannan?"

"Miyar masu hawan jini."

"Ke kin san lafiyata ƙalau!"

"Ni ban sani ba, Baban Nafisa. An ce a rubuce yake. Abin da yake a rubuce kuwa ai ya faru."

Ana cikin haka aikin gayya ya zo, na yashe kwatar da ta bi bayan makaranta kafin walima. Alhaji ya tuna doka ta huɗu. A shekarun baya yakan zo ne ya tsaya a inuwa yana nuna wa mutane inda za su zuba ƙasa, amma bana ya ƙudura sai an gan shi da shebur. Ya fito da farar shadda, ya ɗauko mai hoto tun daga Rafin Guza. Yana kai hannu ga shebur Malam Ubaidullah ya taho da sauri.

"Subhanallahi! Alhaji, kai da likita ya hana? Wallahi ba za ka ɗora mana alhaki ba. A kawo masa kujera!"

"Malam, na ji sauƙi..."

"Sauƙin ke nan muke so ya ɗore. Zauna."

Aka dasa shi a ƙarƙashin darbejiya, aka ɗora masa ƙafa a kan bulo. Yana ji yana gani maza suka shiga kwata, mata suna kwashe shara da kwanduna, Bara'atu a cikinsu ta ɗaure gyale a ƙugu. Mai hoto, da yake an riga an ɗauko shi, ya ɗauki Alhaji a zaune da ƙafa a sama, shebur a jingine nesa da shi kamar sun yi faɗa. Da aka tashi, takardar waɗanda suka yi aiki ta zagayo. Ta iso gare shi a ƙarshe, yadda ya saba. Ya zaro jan biro.

Duk da haka bai karaya ba. Lissafinsa a fili yake: taro talatin da shida, shi talatin da shida. Wa zai kamo shi? Allon kuwa tun yana shugaba ya ba da aikinsa, na katako mai ƙyalli da fuskar tagulla, mafi girma a shagon, har ya je da igiya ya gwada faɗinsa ya dawo ya gwada a bango. Wurin suna kawai aka bari, sai kwamiti ya yanke.

Ana saura kwana biyu walima, Tijjani ya yi sallama da hantsi.

"Oga Fayil, albishirinka!"

Alhaji ya diro daga kujera, ya manta da ƙafa. "Goro!"

"Fari ko ja?"

"Fari tas!"

"Kwamiti ya zauna jiya. An buɗe rajista. Allon nan dai gidanka zai kwana, domin..."

"Kada ka ƙarasa! Kada ka rage mini daɗin ji a lasifika." Ya waiga yana neman abin da zai bayar goron albishir, bai ga komai ba, sai ya cire hular kansa, sabuwa dal, zanna bukar da ya ajiye don ranar, ya kifa wa Tijjani. "Riƙe. Ka ci goronka."

"Alhaji, da ka bari na ƙarasa."

"Tijjani, shekara talatin da biyar ina karanta fayil daga layin farko in san ƙarshensa. Je ka."

Tijjani ya gyara zaman hula, ya ce, "To, ni dai na kawo albishir, kuma ban yi ƙarya ba." Ya fita.

A ranar Alhaji ya aika Rigachikun. Ya sayo kaji shida da ƙwaryar shinkafa. Ya ce wa Bara'atu ranar Lahadi ba za ta je walima ba, ta zauna ta yi waina da miyar taushe da farfesu, don daga makaranta nan jama'a za su wuto taya murna.

"Malama Harira ta ce lallai in je," in ji ta.

"Harira ce ke aurenki? In kin je wa zai yi girkin? Za ki ji a lasifika, ai ba nisa."

Ta dube shi, ta dubi ƙusa, ta ce, "To."

Lahadi da safe aka kafa rumfuna a filin makaranta. Alhaji ya iso da babbar riga mai aska tara da tsohuwar hula, surukinsa Yusha'u a dama, mai hoto a hagu. Ya zauna a layin gaba. Tijjani yana can kan teburin kwamiti, zanna bukar tana ƙyalli a kansa. Yara suka yi karatu, aka raba musu kyaututtukansu, aka yi wa'azi. Alhaji bai ji ko ɗaya ba. Jawabin godiya yake maimaitawa a zuci, shafi huɗu, yana aljihu.

Can Malam Ubaidullah ya karɓi abin magana. "Yanzu sai sabuwar kyauta, ta Gwarzon Iyaye, wadda wani bawan Allah ya kawo shawararta, ya kuma ɗauki nauyinta, Allah ya saka masa, ya ƙara masa lafiya. Wannan lamba ta tafi gidan da duk muka sani, gidan Alhaji Sharhabil..."

Ai Alhaji bai jira ba. Ya miƙe, ya yafa hannun riga a kafaɗa, ya taka da ƙafafu biyu lafiyayyu, yana ɗaga wa jama'a hannu. Mai hoto yana binsa da baya-baya. Ya kai tsakiyar fili.

"...ga mai ɗakinsa, Hajiya Bara'atu Abdulƙadir."

Rumfar mata ta ɗauki guɗa. Alhaji ya tsaya cak, hannu ɗaya a sama, kamar mai tsayar da a-daidaita-sahu.

"Malam," ya ce, "an yi kuskure a karatu."

"Ba kuskure," in ji Harira. Ta miƙe da rajista a hannu, ta karɓi abin magana, ita da ba ta saba ba. "Taro talatin da shida. Hajiya Bara'atu ta zo talatin da shida. Aikin gayya tara, ta zo tara. Mai bi mata yana da talatin da ɗaya."

"Ni fa? Wane taro ne ban zo ba? Jama'a, ku faɗa! Akwai taron da ba ku gan ni ba?"

"Wallahi babu!" in ji wata daga rumfar mata. "Tuwonmu ya sha ƙonewa!"

"Kun ji!"

"Doka ta biyar ta hana shaidar baki," in ji Harira. Ta buɗe rajista ta juyo da ita ga jama'a, tana buɗa shafi bayan shafi. "Na duba layi-layi, Alhaji, har sau biyu, don kada in zalunce ka. Babu Sharhabil ko ɗaya. Abin da na samu, a ƙasan kowane shafi wani ya rubuta 'Na gani' da jan biro. Mun gode masa da ya gani. Amma ba mu san ko wane ne ba, bai bar suna ba."

"Sa hannuna ne! Ga shi nan!"

Ta kalli ƙudundunen ta saman tabarau. "Wannan? Mun ɗauka biron ake gwadawa."

Fili ya rushe. Har Malam Ubaidullah sai da ya rufe baki da gefen rawani. Alhaji ya juya wajen Tijjani yana neman ceto, Tijjani ya taɓa hula ya ce, "Na ce ka bari in ƙarasa."

Malam, da yake mai tausayi ne, ya so ya rufa masa asiri. "To, alhamdu lillahi, duk gida ɗaya ne. Tunda Hajiya ba ta samu zuwa ba, kuma ga Alhaji ya riga ya taso, sai ya karɓa ya kai mata. Allah ya ba da ladan aike."

Aka ɗora masa allo a hannu. Nauyi gare shi, shi ya zaɓi mafi girma. Ya duba fuskar tagulla ko zai ga sunansa ya raɓu a bayan nata, ko da ƙanana ne. Ina! Doka ta shida ta yi aikinta. Bara'atu tun ranar da ta iya rubutu sunan mahaifinta take sawa, marigayi Malam Abdulƙadir, mutumin da har ya koma ga Allah yana kiran Alhaji "yaron nan mai surutu." Harira ta ɗora masa wani ɗan littafi a kan allon. "Na karɓar kaya ne. Ta sa hannu a dawo mini da shi."

Mai hoto ya ce, "Alhaji, a ɗan yi murmushi."

Haka aka taho gida, shi a gaba da allo a ƙirji, surukinsa a gefe, mata a baya suna guɗa, duk wanda ya gayyata cin kaji bai fasa ba. Yusha'u yana ta cewa, "Kai, madalla da Hajiya! Ashe lambar da ka ce tana hanya ke nan. Ai ka yi gaskiya, ga ta kafin azumi."

Bara'atu ta fito daga madafi tana goge hannu. Ta riga ta ji a lasifika, yadda ya ce za ta ji. Falo ya cika maƙil. Ta karɓi allo, ta ɗora a cinya, ta bi sunanta da yatsa harafi ɗaya-ɗaya, ba ta yi sauri ba, ba kuma wanda ya ce ta cinye minti biyar. Da ta gama ta ɗaga kai ta dubi bango.

"Baban Nafisa, hannuna ba ya kaiwa. Taimaka."

Ya duba ƙusa. Shekara bakwai na man keke. Ya ɗaga allo ya rataya. Allon ya zauna daram, ko karkata babu, ai da igiya aka gwada.

"To ni yanzu ina zan sa hulata?" in ji Yusha'u.

Alhaji ya juya zai shige ɗaki, Bara'atu ta ce, "Tsaya mana. A gidan nan ba a taɓa kawo mini kyauta ɗan aike ya koma hannu wofi ba." Ta kwance bakin gyale, ta ciro goro guda, ja, ɗan madaidaici, ta sa masa a tafin hannu a gaban kowa. "Ga tukwici. Abincinka kuma yana cikin ƙaramar kula, na ware maka, ba gishiri."

Sannan ta buɗe littafin Harira, ta rubuta sunanta a wurin mai karɓa. Ta juyo da shi, ta miƙa masa shuɗin biro irin na kowa da kowa, ta nuna masa layin da ke ƙasa.

"Nan kuma wurin wanda ya kawo ne. Sunanka za ka sa, Alhaji, cikakke, yadda za a iya karantawa. Kada gobe a ce ba ka kawo ba."

Ya rubuta. Goro a hannun hagu, biro a dama, Tijjani yana leƙe ta kafaɗarsa da zanna bukar ɗin nan a ka.

Ranar ce sunan Alhaji Sharhabil ya fara shiga littafin makarantar nan. Na gani da idona, yana nan har yau, rubutu mai kyau irin na tsofaffin akawu, a ƙarƙashin inda aka rubuta "Ɗan aike."